Ido Ba Mudu Ba Ne: Amsoshin Tambayoyinku Kan Launi, Tambari Da Talla

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu ɗaya ko da yake masu aiko su ba su san juna ba: kowa ya ga wani abu da idonsa, daga baya kuma kokwanto ya kama shi. Na ware guda shida. Ga sababbin masu karatu, ni na fara wannan sana'a ne ina yaron mai rubutun allon shago a Fagge, ina wanke buroshi da kananzir, tun kafin kwamfuta ta zo ta sauko da mu daga kan tsani. Yanzu bana da fosta da sitika nake bugawa. Ni ba likitan ido ba ne, amma na shekara talatin ina cin abinci da kuskuren da ido ke yi.

Daga wata tela a Tudun Wada, Zariya: "Malam, wata mata ta kawo min shadda ruwan toka na ɗinka mata, aka cika wuya da hannu da aikin koren zare. Da ta zo karɓa sai ta rantse ba shaddarta ba ce, wai tata ba ta da wannan jaja-jajan. Wallahi ban canza ba. Abin da ya ɗaure min kai, ni ma da na duba sai na ga kamar ta sauya."

Hajiya, ke ba ki yi ƙarya ba, ita ma ba ta yi ba. Ido ba ya ganin launi shi kaɗai, kullum gwada shi yake da maƙwabcinsa. Ruwan toka idan ya zauna kusa da kore mai yawa, sai ya ɗauko ɗan ja-ja. Ki sa shi kusa da shuɗi, zai koma kamar an ɗiga masa ruwan ɗorawa. Ki ɗora shi kan baƙi ya yi haske, ki ɗora shi kan fari ya yi duhu. Yadin bai motsa ba, ido ne ke tura kowane launi nesa da na kusa da shi don ya bambance su.

Rigimarki ta girmi kakanninmu. A 1824 aka naɗa wani masanin haɗa magunguna, Michel Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Paris. Ya tarar da masaƙa suna ƙorafi cewa baƙin zaren da marina ke ba su ba shi da ƙarfi, ya koɗe. Ya gwada zaren ya ga lafiyarsa ƙalau. Sai ya gano cewa baƙin yana rasa kwarjininsa ne idan an saƙa shi kusa da shuɗi ko shunayya. Ya bi wannan zance har ya fitar da littafi a kansa a 1839, kuma masu zane sun daɗe suna cin moriyarsa. Mutumin ya yi shekara 102 a duniya, ashe zama da marina ba ya rage kwana.

Akwai wani gefen da ya kamata ki sani, tunda zare kike aiki da shi. Abin da na faɗa yana faruwa ne idan launin ya cika wuri. Idan kuwa siraran layuka ne aka watsa a kan yadin, sai abin ya juye: yadin ya riƙa karkata zuwa launin zaren. Jan yadi mai siririn farin zare yakan yi haske, wannan jan dai da baƙin zare yakan yi duhu. Shi ya sa hula biyu da aka ɗinka a kan yadi ɗaya suke fitowa kamar ba 'yan gida ɗaya ba.

Sai kuma haske. Kin taɓa lura a Kantin Kwari yadda mai wayo yake janyo bakin yadi ya fito da shi ƙofar shago kafin ya biya? Ƙwan lantarki yana da nasa launin, rana tana da nata. Wannan ne ya raba kan duniya a watan Fabrairun 2015 a kan hoton wata riga da ya zagaye intanet, wasu na rantsuwa fara ce mai ruwan zinare, wasu na cewa shuɗiya ce da baƙi. Rigar shuɗiya ce da baƙi. Ƙwaƙwalwar kowa ta yi hasashen irin hasken da aka ɗauki hoton a ciki, ta cire shi, sai ta ba da hukunci daban. A gidana ma sai da muka yi musu da uwargida, kuma ita ce ta canka.

Maganin rigimarki mai sauƙi ne. Ki samu farar takarda ki huda ta kamar faɗin kwabo a wuri biyu. Ki ɗora huda ɗaya a kan rigar kusa da aikin, yadda za a rufe koren gaba ɗaya, ɗayar kuma a kan ƙyallen da ya rage. Ki kira ta ta duba a tsakar gida da rana. Daga yau kuma, duk wanda ya kawo yadi, ki yanke ɗan ƙyalle a gabansa ki ba shi ya riƙe.

Daga wani ɗalibi a Gombe: "An turo mana a WhatsApp cewa idan aka juya tambarin Coca-Cola a madubi, yana karantuwa da Larabci a matsayin ɓatanci ga Annabi (SAW) da Makka. Gaskiya ne?"

Ƙanena, wannan saƙon ya girme ka. Na fara ganinsa a takardar fotokwafi da ake rabawa a ƙofar masallaci, tun babu wayar hannu. Na karɓa na kai shago, na ɗauko kwalba ta gaske da madubin askin maigidana. Abin da ke jikin takardar ba shi ne a jikin kwalbar ba. An datse wata lanƙwasa, an haɗe wasu haruffa biyu, an goge wani abu. Wanda ya yi aikin ya iya hannu, na ba shi wannan.

Ga tarihin. An fara sayar da wannan lemo a birnin Atlanta na Amurka a 1886. Akawun mai kamfanin, Frank Robinson, shi ya raɗa sunan kuma shi ya rubuta shi da irin rubutun hannu mai lanƙwasa da akawunan Amurka na wancan zamani suke yi a takardun ciniki. Da jita-jitar ta yi ƙarfi a Masar a shekara ta 2000, an kai maganar gaban babban muftin ƙasar na lokacin, Shaihu Nasr Farid Wasil. Aka duba tambarin, ya ce babu wani ɓatanci a ciki.

To me ya sa mutane da yawa suke gani? Saboda an gaya musu abin da za su gani kafin su duba. Ƙwaƙwalwa gwana ce wajen cike gurbi. Ka dubi gaban mota, za ka ga idanu biyu da baki. Ka dubi soket ɗin bango, yana nan kamar fuskar mai mamaki. A 1976 kumbon Viking 1 ya ɗauko hoton wani tudu a duniyar Mars mai kama da fuskar mutum, aka yi ta surutu shekara da shekaru, sai da aka sake ɗaukar wurin da kyamara mai kyau a 2001 aka ga tsauni ne da inuwa. Rubutun Larabci kuwa tsaye-tsaye ne da lanƙwasa, saboda haka duk wani zane mai lanƙwasa, idan ka juya shi ka ƙura masa ido da niyya, za ka tsinci harafi.

Amma kada ka ɗauka ina cewa kamfanoni ba sa kuskure. A 1997 Nike ta fitar da wani takalmi da aka rubuta kalmar Air a bayansa da salon harshen wuta, sai rubutun ya fito kamar sunan Allah da Larabci. Wannan ba sai an kawo madubi ba, kallo ɗaya ya isa. Musulmin Amurka suka yi magana, kamfanin ya ba da haƙuri, ya janye takalmi ƙafa dubu 38 daga kasuwa. Bambancin da nake dubawa ke nan: wanda ake gani a tsaye a jikin kayan na gaske, da wanda sai an juya, an gyara, an kuma raɗa maka a kunne. Idan ba ka son shan lemon saboda sukari ko wani dalili naka, wannan hakkinka ne. Amma kafin ka tura saƙon gaba, ka nemi kwalba da madubi.

Daga wani matashi mai sana'ar kilishi a Maraɗi: "Baba, na ga bidiyon da ke nuna kibiyar da aka ɓoye a tambarin FedEx. Ina so a yi min tambari mai ɓoyayyen abu irin wannan don leda da allon shagona. Me zan ɓoye?"

Ɗana, kada ka ɓoye komai tukuna.

Kibiyar gaskiya ce. A tambarin FedEx, kamfanin kai saƙonni da kaya na Amurka, tana nan tsakanin E da x, a farin filin da ke tsakaninsu. Lindon Leader ne ya zana a 1994, kuma sai da ya gyara siffar haruffan da gangan kafin gurbin ya zama kibiya. A tambarin Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, kibiyar ta tashi daga a ta sauka kan z, wato akwai komai, ta kuma yi kama da murmushi. A tsohon kwalin cakulan Toblerone akwai dabbar beya a tsaye cikin hoton dutsen da ke jikin kwalin, saboda ita ce alamar birnin Bern na ƙasar Suwizalan inda aka fara yin sa. Dabarar ita ce ido yana raba duk abin da ya gani gida biyu, abu da fili, kuma ba ya iya riƙe su duka a lokaci guda. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Edgar Rubin, ya nuna haka a 1915 da hoton nan da wani lokaci kake ganin kofi, wani lokaci fuskoki biyu suna kallon juna.

Amma ka lura, mutane da yawa sun shekara suna ganin motocin FedEx ba su taɓa ganin kibiyar ba, kuma kamfanin bai yi asarar ko sisi ba, don sunan yana karantuwa daga nesa. Kibiyar gyara ce, irin wadda mai awo ke ƙara maka bayan ya cika mudu. Kai kana neman gyara ba ka auna hatsin ba.

Ka dubi yadda mutanenmu suke kiran kaya a kasuwa: batir mai kan damisa, sabulu mai kwalekwale, taba mai zobe. Ba wanda ya damu da sunan da aka rubuta. 'Yan siyasa sun fi kowa sanin wannan. A jamhuriya ta farko a Najeriya, alamar jam'iyyar NPC fartanya ce, NEPU tauraro. A jamhuriya ta biyu PRP makulli, NPN gida da masara. Yau lema da tsintsiya, tsohuwa a ƙauye ba ta buƙatar karatu kafin ta dangwala. Dagin Arewa ma haka ne, ko a jikin hula ka gan shi, ko a bangon gidan sarki, ko a ƙofar ma'aikata, ba ka neman a fassara maka. To kai ma ka nemi abu ɗaya da yaro zai iya faɗa idan an aike shi: "kilishi mai kaza". Ba ina nufin tsuntsuwa ba, kodayake ita ma za ta yi. Ƙahon sa, ko faifai, ko wuƙar mahauta. Ɗaya tak.

Idan mai zanen ya kawo maka aiki, kada ka yanke hukunci a fuskar wayarsa, komai yana kyau a can. Ka sa ya buga shi ƙarami kamar farcen babban yatsa, ka ga ko ana gane shi. Ka kai a yi fotokwafinsa baƙi da fari. Sannan ka manna shi a bango ka tsallaka titi, ka dube shi da tsakar rana. Jan rubutu a kan kore ko shuɗi yakan yi rawa a ido, ka guje shi. Ka kuma tuna ledarka za ta sha mai, siririn rubutu nutsewa yake.

Bari in ba ka abin da maigidana ya koya min da ranƙwashi. Allon farko da ya bar min, na auna tazarar kowane harafi da rula, daidai wa daida. Ya zo ya tsaya daga nesa ya ce in goge. Na ce ai na auna. Ya ce, "Rula ce za ta sayi kaya a shagon?" Ya nuna min A da V idan suka haɗu sai an matso da su, H da I kuwa sai an ba su iska. Ya ce in ɗauka gero nake zubawa tsakanin haruffa, kowane gurbi ya ci daidai da ɗan'uwansa. Harafin O kuma dole ya ɗan haura layi sama da ƙasa, in ba haka ba zai fito ƙarami a kusa da H. Farin rubutu a kan baƙin allo yakan kumbura, sai a rage masa kauri. Daga baya na ga duk haruffan da ke cikin kwamfuta da wannan gyaran aka yi su. Shi bai taɓa karanta shi a littafi ba.

Daga wani mai gyaran agogo a Kumasi: "Me ya sa agogon talla kullum yake kan ƙarfe goma da minti goma?"

Malam, kai ka fi ni sanin fuskar agogo. Sunan kamfani yawanci yana ƙarƙashin 12, to hannaye biyu a goma da minti goma suna ɗauke da sunan kamar an ɗora shi a faranti. Ba su rufe tagar kwanan wata da ke wajen 3 ba, ba su hau kan juna ba, kuma sun yi siffar murmushi. A tsofaffin tallace-tallace za ka ga takwas da minti ashirin, wanda shi ma ya bar sunan a fili, amma fuskar ta fito kamar an ɓata mata rai. Labaran da ake bayarwa cewa lokacin mutuwar wani babban mutum ne, ba su da tushe.

Daga wata malamar makaranta a Katsina: "Da gaske ne ana saka saƙon da ido ba ya kamawa a talabijin, ya sa mutum sayen abin da bai yi niyya ba?"

Malama, wannan tsoron yana da uba, sunansa James Vicary. A 1957 ya ce ya yi gwaji a wani gidan silima a Fort Lee da ke jihar New Jersey, yana walƙa rubutun a sha Coca-Cola, a ci gugguru, da saurin da ba wanda ya lura. Ya ce cinikin lemon ya ƙaru da kusan kashi 18 cikin ɗari, na gugguru ya haura kashi 57. Hankalin Amurka ya tashi. Aka nemi ya maimaita, abu ya ƙi. A 1962 ya amsa da bakinsa cewa dabara ce ta ceto kamfaninsa da ke durƙushewa. Abin da ke aiki a kan 'ya'yanki ba a ɓoye yake ba. Waƙar talla ce da suka ji sau ɗari, da alewar da aka jera daidai tsayin idon yaro a bakin kanta.

Daga wani magidanci a Damagaram: "Na sayi man shafawa a doguwar kwalba na bar gajeriya, da na je gida na ga gajeriyar ta fi yawa. Kuma ɗiyata ta tambaye ni me ya sa wata yake ƙato idan yana fitowa, ya ƙanƙance idan ya hau sama. Na rasa amsa."

Alhaji, ka haɗa tambaya biyu a kuɗin ɗaya, amma 'yan uwa ne. Ido yana girmama tsayi, yana raina faɗi. Ka zana layi a kwance, ka tsayar da wani mai tsawonsa daidai a tsakiyarsa, za ka rantse na tsayen ya fi. A kwalba abin ya fi muni, domin idan ka ninka tsayinta abin da take ci ya ninka sau biyu ne, idan kuwa faɗinta ka ninka, sau huɗu ne. Masu kamfani sun san haka. Ka ƙara da gilashi mai kauri, da gindin da aka tura ciki, da ƙaton murfi. Wannan gindin yana tuna min da kwanon awon da aka bubbuga daga ƙasa, sai dai su sun rubuta adadin a jiki. Ka juya kwalbar ka karanta mililita ko giram, ka raba da kuɗin. Mai abinci ma tana da nata: malmalar tuwo ɗaya ta fi cika ido a ƙaramin kwano. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Joseph Delboeuf, ya nuna wannan da da'ira a cikin da'ira tun 1865.

Shi kuwa wata, girmansa bai canza ba. Malam Ibnul Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira wajen shekara dubu da suka wuce, ya ware babban sashe a kan kurakuran gani, kuma yana cikin waɗanda suka mayar da wannan lamari ga yadda hankali ke ƙiyasta nisa. A bakin gari wata yana tare da bishiyoyi da rufin gidaje, ido yana da abin gwadawa. A tsakiyar sama shi kaɗai ne a fili.

Ga abin da za ku yi da ɗiyar taka ranar 14 ga wata. Ku naɗe takarda kamar bututu, ta leƙa watan bayan magariba yana fitowa, ku matse bututun har bakinsa ya yi daidai da watan, ku ɗaure da zare. Ku ajiye. Bayan isha da nisa, idan ya hau sama, ka tashe ta ta sake leƙawa da wannan bututun.